Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo: Jagoran Da Bai Danne Yaransa Ba

Da wuya a sami gida a Wasagu ko ƙasar Zuru da muryar Ɗanƙwairo ba ta taɓa shiga ba ta akwatin rediyo. To amma kaɗan ne suka lura da cewa malami ne shi.

An haifi Musa a Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne da ya zauna a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Tun yana yaro yake bin mahaifin nasa yana amshi, kuma zaƙin muryarsa ne ya sa aka laƙaba masa sunan wani yaron gidan mai suna Ɗanƙwairo. Bayan rasuwar mahaifinsu, wansa Abdu Kurna ya karɓi jagoranci, shi kuwa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki. Sai da ya daɗe yana bi kafin a bi shi.

Wannan horon ya bayyana sarai a ƙungiyarsa ta kiɗan kotso. Duk wanda ya saurari waƙarsa da kunnen basira zai ji cewa ba ya cinye ta shi kaɗai. Yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari. Ba a yi wa yaro haka sai an yarda da shi, shi ma yaron ba ya buɗe murya sai ya san ba za a kunyata shi a bainar jama'a ba. Da wannan tsari ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa har zuwa 1966, ya kuma waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero.

Ya rasu a 1991, amma kotson bai yi shiru ba, domin 'ya'yansa da ya raina a amshi sun ci gaba da kiɗin.

Malaman da ke riƙe da ƙungiyoyin kiɗa da na wasan kwaikwayo a makarantunmu, ga abin dubawa. Bulala tana iya sa yara su jeru, amma ba ta haɗa muryoyinsu. A ba ƙaramin ɗalibi nasa gurbin, a yi masa gyara a keɓe, a yaba masa a fili.

Allah Ya jiƙan Ɗanƙwairo, Ya saka wa malamanmu da alheri, amin.