Tarihin Frederick Evans, Mai Hoton Da Ya Ƙi Sauya Takarda

A wannan mako mun kawo muku tarihin wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Ingila, wanda ya gwammace ya bar sana'arsa da ya yi aikin da bai gamsu da shi ba.

An haifi Frederick Evans a birnin Landan a shekarar 1853. Da farko sayar da littattafai yake yi. Yana da kanti a unguwar Cheapside, inda marubuta ke yawan zuwa. Cikinsu har da George Bernard Shaw, wanda ya zama abokinsa. Wani saurayi mai zane, Aubrey Beardsley, shi ma yakan leƙo kantin. Evans ya taimaka masa ya sami aikin zanen littafi, ya kuma ɗauke shi hoton da ya yi suna sosai.

Evans ya fara da ɗaukar hoton ƙananan halittu ta madubin da ke ƙara girman abu. A 1898 ya bar sayar da littattafai, ya duƙufa ga hoto kaɗai. Abin da ya fi so shi ne tsofaffin manyan majami'u na Ingila da Faransa, waɗanda aka gina da dutse. Ba ya gaggawa. Yakan yi makonni yana zuwa gini ɗaya, yana lura da yadda haske ke shigowa da safe da rana da yamma, kafin ya kafa kyamararsa. A 1903 ya ɗauki hoton matakalar majami'ar garin Wells. Sawun mutane na ɗaruruwan shekaru ya cinye duwatsun, har sun yi kama da igiyar ruwa. Wannan shi ne hotonsa da aka fi sani. A shekarar ce kuma mujallar Camera Work ta Amurka ta buga hotunansa.

To, mene ne sirrin kyan hotunan? A zamanin yawancin masu hoto takarda mai sinadarin azurfa suke amfani da ita. Shi kuwa Evans ya zaɓi takardar filatinam. Filatinam ƙarfe ne mai tsada wanda ba ya tsatsa. Wani Bature mai suna William Willis ne ya ƙirƙiro wannan hanya, ya yi mata rajista a 1873.

Ga yadda ake yi. Ana shafa wa takarda sinadarin baƙin ƙarfe da na filatinam. Danshi yana ɓata ta, shi ya sa ake sayar da ita cikin gwangwani a rufe. Sai a ɗora dodon hoton a kan takardar, a matse su cikin firam mai gilashi, a sa a rana. Ba a iya ƙara wa hoton girma, girman dodon shi ne girman hoton. Saboda haka mai wannan aiki dole ya yi ta fama da babbar kyamara mai ƙafa uku da farantan gilashi masu nauyi.

Idan an ɗauko takardar daga rana, hoton dishi-dishi ake ganinsa. Sai a tsoma ta cikin ruwan wanki na sinadarin fotasiyam okzalet, nan take hoton ya fito. A nan ma akwai zaɓi. Ruwa mai zafi yakan sa hoton ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, mai sanyi kuma ya fi ba da baƙi. Daga nan a wuce da ita cikin ruwan asid marar ƙarfi don a cire sauran baƙin ƙarfen, a ɗauraye da ruwa, a shanya. Hoton ba ya sheƙi, yana nuna launin toka kala-kala, kuma yana daɗewa bai kwanta ba. Irin wannan launi ne ya dace da dutse da inuwa. Ban da haka, Evans ba ya yi wa hoto kwaskwarima. Abin da kyamara ta gani shi yake fitarwa.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Yawancin filatinam daga Rasha yake zuwa, kuma masana'antun haɗa nakiya suna bukatarsa. Ya yi tsada, ya yi wuyar samu. Kamfanin Willis ya fito da takardar wani ƙarfe ɗan uwansa mai suna faladiyam, wasu masu hoto kuma suka koma takardar azurfa. Evans bai ga abin da zai maye masa gurbin filatinam ba, sai ya janye daga sana'ar har kusan ya daina. Ya rasu a Landan a 1943, saura kwana biyu ya cika shekara 90. Har yau hotunansa suna gidajen tarihi na Ingila da Amurka.

Mun yi gardama a kan wannan mataki a taronmu na ƙungiya. Wasunmu sun ce ya yi daidai, domin ya kare mutuncin aikinsa. Wasu kuma sun ce taurin kai ne, da ya gwada sabuwar takarda da ya bar mana hotuna fiye da haka. Ba mu daidaita ba. Amma duk mun yarda a kan abu ɗaya. Mu muna ɗaukar hoto goma da waya cikin minti ɗaya, idan wayar ta lalace duk su tafi. Shi yana jiran haske na makonni saboda hoto ɗaya, ga shi bayan shekara fiye da 100 ana kallo. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ku me kuka gani, ya yi daidai ko kuskure? Ku rubuto ra'ayinku ku ba kowane ɗan ƙungiya, za mu liƙa mafi kyau a wannan allo. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.