Marigayi Alhassan Ɗantata, Falken da Ya Ɗora Goro a Jirgin Ruwa

A ƙarni na 19, bayan Kano, da wuya a sami kasuwar da ta kai ta Jega cika a ƙasar Hausa. Nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sukan yi zango, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, sa'an nan su gangara su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu har Salaga. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a wurin kowane sarki. Goro kuwa ba ya son rana ko jinkiri, tilas a riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa.

A cikin wannan sana'a aka haifi Alhassan a Bebeji cikin shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, kuma ya rasu Alhassan yana ƙarami. Wata tsohuwa mai suna Tata ita ta rene shi, daga nan ya sami laƙabin Ɗantata. Mahaifiyarsa ta koma Ankara da zama, watau babban birnin Ghana na yanzu, shi kuma yana saurayi ya bi ayari ya tafi neman ta. Can ya ga teku, ya ga jiragen Turawa suna lodi.

Da ya komo gida sai Basasar Kano ta shekarar 1893 ta rutsa da shi, har aka kama shi, daga baya ya fanshi kansa ya koma fatauci.

Wajen shekarar 1906 ya yi abin da ya raba shi da sauran fatake. Maimakon ya kora jakuna ta tsohuwar hanya, sai ya riƙa sayen goro a Kumasi, ya kai shi gaɓar teku a Sekondi ko Ankara, ya ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko. Abin da ayari ke yi cikin watanni, jirgi ya yi shi cikin 'yan kwanaki, goro ya iso da ɗanyensa. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutumin Bebeji ya damƙa jarinsa ga ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a shekarar 1911, sai goro ya riƙa zuwa daga Ikko kai tsaye. Ribar Alhassan da ire-irensa ke nan, amma zangunan tsohuwar hanya, har da Jega, su suka ji a jikinsu, domin manyan ayarin Gwanja sun yi ta raguwa.

Daga goro ya shiga sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja, ya zauna a unguwar Sarari a Kano. Aikin hajjinsa ma ta jirgin ruwa ya tafi, ya biya ta Ingila. A shekarar 1929, da Bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ce raƙuma ashirin suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga watan Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.