Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Madubin Hangen Nesa

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805. Bello ya zauna Gwandu, kusa da Birnin Kebbi, tare da jama'ar Shehu, kafin ya kafa Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817, aka naɗa shi Sarkin Musulmi.

An fi saninsa da jarunta da rubuce-rubuce, musamman littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Amma akwai wani fannin da ba a cika ambata ba, wato ilmin taurari.

A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Cikin tsarabarsa akwai kamfas da madubin hangen nesa. Sarki ya yi murna ƙwarai da ya ji kamfas na nuna gabas. Da baƙon ya shimfiɗa taswirar sararin samaniya, sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci.

Daga nan aka fito da na'urar auna tsayin rana, wadda ke ɗauke da ƙaramin madubi mai kifar da abu. Fadawa suka ja da baya, suna tsoron sihiri ne. Shi kuwa Sarki ya sa baƙon ya tsaya nesa, ya leƙa ya gan shi kai a ƙasa. Ba tsafi a ciki. Gilashin gaba ne ke tattara haske ya juya surar, na baya kuma ya ƙara mata girma. Har yau haka irin wannan madubi yake aiki, kuma faɗin gilashin gaba da ingancinsa su ne darajarsa. A wannan shekara ce Joseph Fraunhofer na Jamus ya gama wanda ya fi kowanne girma a lokacin, mai faɗin santimita 24.

Da Clapperton ya dawo a 1826, ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar wani, gobara ta cinye.

Allah ya yi masa rasuwa a Wurno a 1837, bayan mulkin shekara ashirin.

Abin lura ga ɗalibai shi ne, madubin bai ba Bello tsoro ba domin ilmi ya riga shi zuwa. Wanda ke son sayen irinsa, ya fara sanin Zara da Kaza da 'Ya'yanta da idonsa tukuna. Allah ya jiƙan Sarki, amin.