Nana Asma'u 'Yar Shehu, Wadda Ta Kai Karatu Har Cikin Gida

An haifi Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta, a garin Degel cikin shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A cikin gidansu ta yi karatu tun tana ƙarama, har ta zurfafa a ilmin addini, tana kuwa wallafa waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ita aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga baya ta auri Waziri Giɗaɗo.

Abin da ya dame ta shi ne halin matan karkara. Ga aure, ga reno, ga nisa da malamai, alhali kuwa neman ilmi wajibi ne a kansu kamar yadda yake a kan maza. Saboda haka wajen 1830 sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle don shaida. Jajin za ta zo Sakkwato ta haddace waƙoƙin tauhidi da hukunce-hukuncen ibada, sa'an nan ta koma ƙauye ta koyar da matan aure a gidajensu. Ta haka uwa ta sami abin da za ta tarbiyyantar da 'ya'yanta da shi.

Nana ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Allah Ya saka mata da Aljanna, amin.