Edgar Codd: Matuƙin Jirgin Da Ya Tsara Mana Rumbun Bayanai

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa yin rajistar kwas ta intanet ya ci gajiyar Edgar Frank Codd, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1923, a tsibirin Portland na ƙasar Ingila. Ya karanta lissafi a Oxford, ya kuma tuƙa jirgin sojan sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya ƙaura Amurka ya kama aiki da kamfanin IBM, sannan ya yi digirin dakta a Jami'ar Michigan a 1965.

A zamaninsa, neman bayani a kwamfuta sai wanda ya san lungu da saƙon inda aka ajiye shi. Da an sauya tsarin ajiya, sai a sake rubuta manhaja. A 1970 Codd ya fitar da maƙalar da ta sauya komai: a jera bayanai cikin jadawali, kowane layi ya samu babban mabuɗin da babu wani layi mai irinsa.

Mabuɗin nan kan iya haɗa gurbi biyu ko fiye. Ɗauki jadawalin sakamako. Lambar ɗalibi kaɗai ba ta isa ba, tunda kwasa-kwasansa da yawa. A haɗa da lambar kwas? To, mai kari-oba fa, da zai sake zama jarrabawar? Dole a ƙara shekarar karatu, in ba haka ba sabon maki ya ci karo da tsoho. A 1979 kuma ya yi bayani kan mabuɗin da na'ura ke ba kowane abu da kanta, dangin lambar nan mai ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya da muke sawa a furojet. Sai dai a kula: lambar na bambanta layuka, amma ba ta hana a shigar da ɗalibi sau biyu a kwas guda.

IBM ya yi ta jan ƙafa saboda yana cin kasuwa da tsohuwar manhajarsa, IMS, har Oracle ta riga shi shiga kasuwa a 1979. Codd bai karaya ba. Ya samu lambar yabo ta Turing a 1981, ya rasu a Florida ranar 18 ga Afrilu, 2003.

Saboda haka 'yan Kimiyyar Kwamfuta, kafin ku sa lamba mai ƙirga kanta, ku fara tambayar abin da ya raba wannan layi da wancan.