Alexander Luria: Likitan da ya shafe shekara 30 yana nazarin mutumin da ba ya mantuwa

A shekarun 1920, editan wata jarida a birnin Mosko ya lura cewa ɗaya daga cikin wakilansa ba ya rubuta komai idan ana raba aiki da safe. Da ya tsare shi, sai wakilin ya maimaita duk abin da aka faɗa, har da adireshi da sunaye. Editan ya tura shi wajen masana halayyar ɗan Adam. Sunan wakilin Solomon Shereshevsky, wanda ya karɓe shi kuwa wani matashin masani ne, Alexander Luria.

An haifi Luria ranar 16 ga Yulin 1902 a birnin Kazan na Rasha, mahaifinsa likita ne. A 1924 ya haɗu da Lev Vygotsky, su biyun da Alexei Leontiev suka zama abokan bincike. Ra'ayinsu shi ne, harshe da rubutu da al'ada suna da hannu wajen ƙera tunanin mutum. Wanda ya ƙulla bakin ƙyalle don kada ya manta da saƙo, ya fitar da wani ɓangare na aikin ƙwaƙwalwarsa zuwa waje ke nan.

Domin gwada wannan, Luria ya je ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932, yana kwatanta waɗanda suka shiga makaranta da waɗanda ba su shiga ba. Aikin ya sha suka a Tarayyar Sobiyet, har sai 1974 aka buga shi a matsayin littafi. Vygotsky ya rasu da tarin fuka a 1934, Luria kuma ya koma karatun likitanci, ya kammala a 1937.

Duk da wannan faɗi-tashi, bai rabu da Shereshevsky ba. Yakan karanta masa jerin kalmomi ko lambobi har 70, shi kuwa ya dawo da su daga farko ko daga ƙarshe. Bayan shekara 15 ma yakan kawo jerin daidai. Sirrin shi ne, kowace kalma tana zo masa da siffa, wani lokaci da launi ko ɗanɗano, sai ya jera siffofin a zuci a kan wani titi da ya sani, kamar titin Gorky. Idan ya tsallake wani abu, to ya ajiye shi ne inda ba ya ganuwa, kamar farin ƙwai a jikin farin bango.

Sai dai baiwar ta zo da ɗawainiya. Karatun labari mai sauƙi yakan gajiyar da shi, saboda siffofi sun cunkushe ma'ana. Fuskokin mutane suna rikita shi, don kullum cikin sauyawa suke. Ya taɓa rubuta lambobi a takarda ya ƙona ko zai rabu da su, amma ya ci gaba da ganinsu. A nan darajar binciken take: ya nuna cewa mantuwa na cikin abin da ke bai wa hankali damar tace muhimmi daga tarkace.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo masa akasin wannan mutum. Luria ya jagoranci aikin farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a ka, a wani asibiti da ke Kisegach a yankin tsaunukan Ural. A 1943 aka kawo Lev Zasetsky, wanda raunin da ya samu a gefen hagu na ƙwaƙwalwa ya raba shi da karatu da sunayen abubuwa. An gano cewa yana iya rubutu idan ya saki hannunsa ba tare da tunanin haruffa ba. Cikin shekara 25 ya rubuta shafi kusan 3,000, kuma littafin da Luria ya fitar a kansa, mafi yawansa kalmomin majinyacin ne. Da wuya a kira irin wannan mutum abin gwaji. Abokin aiki ne.

Siyasa ta sake taɓa shi bayan 1950, lokacin da aka tilasta wa masana bin koyarwar Pavlov. An raba shi da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ya koma aiki da yara masu larurar koyo na wasu shekaru.

Daga raunukan da ya nazarta ya kafa hujja cewa magana ko tuna abu ba su da mazauni guda a ƙwaƙwalwa; sassa da dama ne ke haɗa ƙarfi, kuma idan ɗaya ya lalace ana iya horar da sauran su bi wata hanya. Littafinsa a kan Shereshevsky ya fito a 1968, ya kuma yi tasiri sosai a kan likitan nan ɗan Birtaniya, Oliver Sacks, wanda suka riƙa musayar wasiƙu daga 1973. Luria ya rasu a Mosko ranar 14 ga Agustan 1977, yana da shekara 75. Bayan rasuwarsa, masana a Amurka sun gina gwajin Luria-Nebraska a kan dabarunsa na duba majinyata.