Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: Alkawarin Magami Da Dokar Nafata

Duk baƙon da ya shiga birnin Sakkwato da wuya ya fita bai ziyarci Hubbare ba, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance. Yawancin mutane da jihadi suka san shi. Amma kafin a ja baka a ƙasar Gobir, Shehu ya yi shekara kamar talatin yana karantarwa, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka yi gardama a kan abu biyu da har yau ba a gama da su ba, watau ko wane ne ya cancanci a koya masa ilmi, da kuma ko sarki yana da ikon hana mutum bin addinin da zuciyarsa ta amince da shi.

An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir cikin watan Disamba 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa. Fulani ne Toronkawa, gidan malamai. A Degel ya tashi. Ya yi karatu wurin danginsa, musamman Usmanu Binduri, sa'an nan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Yana da shekara ashirin ya soma wa'azi, da Fulatanci da Hausa, ya zaga Kabi, ya kuma yi shekara biyar a Zamfara.

A can Zamfara ne aka fara sukarsa saboda mata. Da yake mata suna zuwa majalisinsa, sai wani malami, Mustafa Goni, ya aiko da waƙa ta Larabci yana zargin Shehu da cuɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, ba a cuɗe suke zama ba, kuma ko da akwai wani aibu a zuwansu, barinsu cikin jahilci ya fi shi muni. A cikin littafinsa Nurul Albabi Shehu ya ƙara tsananta magana. Ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu suna cikin gida ba su san ko hukuncin alwala da salla ba. Ya nuna dafa abinci da wanki ba su ne farillan da aka ɗora wa mace ba. A ganinsa sanin addini haƙƙinta ne bisa shari'a, in mijinta bai iya koya mata ba, to, ba shi da hurumin hana ta fita nema. Muna roƙon malaman makaranta su lura da wannan, don a nan an faɗi haƙƙi, an kuma faɗi wanda za a kama in ba a cika shi ba.

Ya kuma yi fama da waɗansu ɗalibai masu zafin kai, waɗanda ke tare talaka su yi masa tambayoyin tauhidi masu wuya, in ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu ya rubuta littattafai da dama yana rushe wannan ra'ayi. Matsayinsa shi ne, wanda ya furta shahada ya yi aiki da ita, ba a tona zuciyarsa.

To, wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami don babbar salla, ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar tasa. A maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya yarda da duka biyar ɗin. Ba mu san wani wuri a tarihin ƙasar Hausa na wancan zamani da malami ya sami irin wannan a bainar jama'a ba.

Amma fa maganar sarki ce, ba ta da wani mataki sai ransa. Bawa ya rasu, Yakuba ya gaje shi, bayansa Nafata ya hau. Nafata ya ga jama'ar Shehu tana yawa ƙwarai, har bayi da talakawa suna barin iyayengijinsu suna komawa Degel, sai ya sa aka yi shela a kasuwa: ban da Shehu kansa kada kowa ya ƙara wa'azi, kada wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya musulunta, wanda ya riga ya shiga ya koma addinin iyayensa, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Abin da aka bayar da baki a Magami, da baki aka karɓe shi, kuma babu alƙalin da za a kai wa ƙara.

Akawun da ya saba da takardun doka zai gane dalilin da ya sa Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa su a na 1960. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da sake addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta darasin addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Kowane sharaɗi na shelar Nafata, da yau ne, sai a kai shi gaban Babbar Kotu. Ilmi kuwa bai sami wannan gata sosai ba. An sa shi a sashe na 18, cikin babin manufofi wanda tsarin mulkin da kansa ya hana kotu shiga, sai a 2004 aka yi dokar da ta wajabta karatun shekara tara kyauta.

Yunfa ya gaji Nafata, al'amari ya ƙara lalacewa. A ƙarshen 1803 rundunarsa ta auka wa Gimbana, garin Abdussalami, wani almajirin Shehu, ta kamo mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu ta kwance su. Cikin Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, aka yi masa mubaya'a. Aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin Yuni, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a nan. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato.

Ba za mu ɓoye ba, abin da aka roƙa a Magami bai zama daidai ga kowa ba bayan nasara. An bar Maguzawa da yawa a kan al'adarsu suna biyan jiziya, amma ba a matsayi ɗaya da Musulmi ba, kuma yaƙi ya jefa mutane masu yawa cikin bauta. Shehu Laminu na Barno ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello kuwa ya yi adalcin sa wasiƙunsa da amsoshinsu cikin Infaƙul Maisuri. Shi kansa Abdussalami, wanda saboda mutanensa wuta ta tashi, ya saɓa da Bello bayan rasuwar Shehu, aka yaƙe shi a Kware, ya rasa ransa a 1818.

Shehu bai zauna kan gadon mulki ba. Ya bar gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, ya koma Sifawa yana karantarwa da wallafa, yana jan hankalin almajiransa su daina zargin juna a kan mas'alolin da malamai suka yi saɓani a kansu. A 1815 ya ƙaura zuwa Sakkwato, ya rasu ran 20 ga Afrilu 1817. Allah ya jiƙansa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta ɗauki maganar ilmin mata ta mai da ita aiki. Ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, suka riƙa kawo matan ƙauye wurinta suna koma musu da karatu cikin waƙa, su ne ake kira 'Yan Taru. An binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta.